Ado Daga Fasasshiyar Kwalba

Yau hirar tamu ta kayan ado ce, wato sarƙa da 'yan kunne da awarwaro da zobe da jigida. Sai dai ba na gwal ba, ba kuma na azurfa ba. Za mu yi magana ne a kan kayan adon da masu fasaha na wannan zamani suke ƙerawa da abubuwan da ba a saba ba, irin su roba da takarda da ƙaho da waya, musamman kuma gilashin da ake narkarwa a sarrafa da hannu. Iyaye mata da 'yan mata, ku matso kusa da rediyo. Samari masu neman sana'a, ku ma da ku ake.

Bari mu fara daga kasuwar 'yan gwal. Idan mace ta je sayen sarƙa, abu na farko shi ne a ɗora a sikeli. Giram nawa ce? Karat 18 ce ko 21? Ƙirar Dubai ce ko ta Saudiyya? Sai a yi lissafi, a ɗora kuɗin aiki a kai. To, ranar da buƙata ta taso ta mayar da sarƙar nan za ta sayar, sai a sake ɗora ta a sikeli a biya ta kuɗin nauyi kawai. Kuɗin aikin nan ya tafi. Wanda ya zauna ya tsara zanen, ya lanƙwasa, ya goge, ba a ko tuna shi. A wannan ciniki ƙarfen ne mai daraja, hannun da ya yi aikin kuwa ba ya cikin lissafi. Abin da nake so mu duba yau shi ne wani irin ado da lissafinsa ya sha bamban da wannan: kayan da aka yi shi da su ba su kai komai ba, duk darajarsa tana ga hannu da basirar wanda ya yi shi.

A Turai, mutumin da aka fi ambata idan ana wannan zance shi ne wani Bafaranshe, René Lalique, wanda aka haifa a 1860 ya rasu a 1945. A zamaninsa maƙeran kayan ado na birnin Paris lu'ulu'u suke jerawa a kan zinariya, wanda ya fi yawan duwatsu masu tsada shi ne gwani. Shi kuwa sai ya ɗauko ƙahon dabba ya feƙe shi har haske yana ratsa shi, ya haɗa da gilashi, ya yi matsefin kai da abin wuya da su. Da ya baje kayansa a babban bikin baje koli na duniya da aka yi a Paris a 1900, jama'a suka yi ta cincirindo a kansu. Har yau ana ajiye da kayan nasa masu yawa a gidan tarihi na Gulbenkian da ke Lisbon, babban birnin Fotugal. Bayansa an yi wani Ba'amurke, Alexander Calder, wanda aka fi sani da manyan ƙere-ƙere na ƙarfe. Shi da guduma da waya ya yi kayan ado kimanin 1,800 a rayuwarsa, ba ya ma yin walda, lanƙwasawa yake yi ya naɗe. A cikin waɗansu har da fasassun tangaran da ya tsinta a ƙasa.

Amma inda aka yi fito-na-fito da gwal sosai shi ne bayan 1960. A ƙasar Holan, wasu ma'aurata biyu, Gijs Bakker da Emmy van Leersum, suka ce sun gaji da adon da ba ya faɗin komai sai arzikin mai shi. Suka koma yin manyan abubuwan wuya da alminiyam. A 1967 Bakker ya yi abin wuya da munduwa da bututun hayaƙin murhu, irin wanda ake saye a shagon kayan gini. Masu kuɗi suka ga abin kamar raini, matasa kuwa suka ga an buɗe musu ƙofa.

Akwai wata munduwa guda ɗaya da nake so ku riƙe a zuciya. Wani maƙeri ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Otto Künzli, wanda daga baya ya daɗe yana koyarwa a makarantar fasaha ta birnin Munich a Jamus, shi ya yi ta a 1980. Baƙar roba ce zalla, zagayayya, sai wani ɗan ƙullutu a gefe guda. A cikin ƙullutun nan akwai ƙwallon zinariya na gaske, amma an rufe shi ruf, ba a ganin ko ƙyallinsa. Sunan da ya sa wa aikin shi ne Zinariya Tana Makantarwa. Ku duba abin da ya yi wa wadda ta saya. Ta biya kuɗin gwal, amma ba ta da halin nuna wa kowa. Idan tana son ta tabbatar da cewa gwal ɗin yana ciki, sai ta yanka robar, idan kuwa ta yanka ta lalata munduwar. Dole ta zaɓa: ko dai ta so abin don yadda aka yi shi, ko kuma ta yarda cewa nauyin ƙarfe kawai take nema. Ni a ganina ba a taɓa yi wa mai sayen ado tambayar da ta fi wannan kaifi ba.

Daga nan hanya ta buɗe. A duk shekara, wajen watan Maris, masu wannan fasaha daga ƙasashe da yawa suna haɗuwa a Munich, inda ake wani baje koli na kayan ado da aka fara tun 1959. Za ka ga abin wuya na takarda, na katako, na zare, na siminti, na robar da teku ya turo gaɓa. A nahiyarmu ma ba a zauna ba. A Yuganda, matan Acholi da yaƙi ya raba da gidajensu suka zauna a Kampala sun shahara da duwatsun wuya na takarda: a yanka tsohuwar kalanda ko mujalla siriri-siriri mai tsini, a naɗe a jikin tsinke, a shafa gam, a bi da man ƙyalli. A Kenya akwai masu tsince tsofaffin silifa a bakin teku su wanke su sassaƙa. A Nairobi kuma akwai Adele Dejak, 'yar asalin Najeriya, wadda take yin manyan mundaye da 'yan kunne da ƙahon shanun Ankole da tagulla da alminiyam da aka sake narkarwa. Ku tuna yawan ƙahon da ake tarawa kullum a mahautan garuruwanmu.

Sai dai a nan zan ja kunne. Ba kowane tarkace ne idan an zura shi a zare ya zama ado ba. Akwai masu ɗaukar murfin kwalba su huda su rataya, su ce ai fasahar zamani ce, a saya don a taimaki muhalli. Wannan neman tausayi ne, kuma kasuwar tausayi ba ta daɗewa. Abin ado na gaske sai ya zauna daidai a jiki, bai yi nauyin da zai ja kunne ba, ba ya yagar mayafi, ba ya cin fata, ba ya tsinkewa ranar biki. Kuma sai ya yi kyau, kyan da mace za ta gani ta so shi tun kafin a gaya mata da me aka yi shi. Idan abu bai cika waɗannan ba, to sunansa shara har yanzu.

Yanzu mu zo kan gilashi, wanda shi ne zuciyar hirar tamu. Gilashin kwalba abu uku ne a asali: yashi mai tsabta, wanda shi ne kusan kashi 70 cikin 100, sai sinadari irin na kanwa da ke sa yashin ya narke da wuri, sai farar ƙasa da ke hana ruwa cin gilashin. A masana'anta ana dafa su a zafin da ya kai wajen digiri 1,500. Amma da zarar ya zama gilashi, sake tausasa shi ba ya buƙatar wannan wuta, daga wajen digiri 700 ya fara laushi. Wannan shi ne sirrin da ya sa mai ƙaramin tanderu na itace zai iya sarrafa tsohuwar kwalba. Launi kuwa daga ƙarafa yake zuwa. Koren kwalba yawanci ƙarfe ne da wani sinadari a ciki, shuɗi mai duhu daga kobal yake, akwai ma wani ja mai tsada da ake samu ta hanyar zuba ɗan ƙanƙanin zinariya a cikin narkakken gilashi.

Garin da ya fi suna a wannan sana'a shi ne Murano, wani tsibiri kusa da birnin Benis a Italiya. A 1291 hukumar birnin ta umarci masu tanderun gilashi su koma can, saboda tsoron gobara, kuma hakan ya sauƙaƙa mata tsare sirrin sana'ar. Daga Murano, da kuma garin Jablonec na ƙasar Cek, aka yi ɗaruruwan shekaru ana loda duwatsun wuya a jiragen ruwa ana kawo su gaɓar Afirka ta Yamma, ana musayarsu da gwal da hauren giwa da manja, har da bayi, wannan kuwa tabo ne da ba za a ɓoye ba. Da yawa daga tsofaffin duwatsu masu zanen furanni da kakanninmu mata suka bari a cikin adudu daga can suka fito.

A da aikin gilashi a Turai da Amurka na manyan masana'antu ne. A 1962 wani malamin tukwane, Harvey Littleton, tare da wani masanin gilashi, Dominick Labino, suka yi wani taron gwaji a gidan tarihin fasaha na Toledo a jihar Ohayo ta Amurka, suka nuna cewa mutum ɗaya zai iya gina ƙaramin tanderu ya yi aikin gilashi a ɗakinsa. Daga nan sana'ar ta bazu. Yau mai yin duwatsun wuya a can yana zaune ne a gaban tebur da ɗan bututun wuta mai aiki da gas da iskar oksijin. A hannu ɗaya yana riƙe da sandar gilashi mai launi, a ɗayan kuma siririn ƙarfe da aka tsoma a ruwan yumɓu don kada gilashin ya manne. Yana narkar da bakin sandar yana naɗa shi a jikin ƙarfen yana juyawa, har ya zama dunƙule. Sai ya ɗiga wani launi a kai, ya ja shi da tsinke ya fitar da fure ko layi. Idan ya huce aka zare ƙarfen, gurbinsa shi ne hudar dutsen.

Akwai ƙa'idoji biyu da duk mai wannan aiki, a Amurka yake ko a Bida, ba ya tsallake su. Ta farko, gilashi ba ya son a sanyaya shi da gaggawa. Bayansa yakan riga cikinsa hucewa, sai a bar wani ɗauri a ciki wanda ido ba ya gani, bayan mako ɗaya ko wata ɗaya dutsen ya tsage da kansa. Shi ya sa ake ajiye shi a zafin wajen digiri 500 na ɗan lokaci, sannan a bar shi ya huce sannu a hankali. Wanda ba shi da tanderun lantarki yakan binne shi a toka mai zafi. Ta biyu, ba kowane gilashi ne yake zama da ɗan'uwansa ba. Kowanne da yadda yake buɗewa idan ya ji wuta, da yadda yake tsukewa idan ya huce. In ka haɗa gilashin taga da na kwanon da ake sawa a tanda, za su manne da zafi, su rabu da sanyi.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan kayan ado na gilashin hannu da sauran abubuwan da ba a saba ba. Yanzu kuma za mu dawo gida Afirka ta Yamma, domin abin da Turawa suka ɗauka sabon tunani ne bayan 1960, wato a ɗauki abin da aka yar a mai da shi abin ƙawa, a nan an daɗe ana yin sa, ba tare da an yi masa wani dogon bayani ba.

Mu je Gana, yankin Gabas, ƙasar Krobo, garuruwan Odumase da Somanya. A nan za ka tarar da tulin kwalabe a bayan gida, an ware kore daban, ruwan ƙasa daban, fari daban, shuɗi daban. Har da fasassun gilasan taga. Bayan an wanke su sai a farfasa, a zuba a turmin ƙarfe a daka, a tankaɗe da rariya har ya yi laushi kamar garin tuwo. A gefe guda akwai 'yan faya-fayen yumɓu masu ramuka, kowane rami gurbin dutse ɗaya ne. Ana tsoma su a ruwan farar ƙasa don kada gilashi ya kama. A tsakiyar kowane rami sai a kafa ɗan karan ganyen rogo. Sannan a riƙa zuba garin gilashin a hankali, launi bisa launi, mai aikin yana amfani da ɗan tsinke yana tura wani launi ta gefe don ya fitar da zane. Duk wannan zanen a cikin rami ake yin sa, mai yi ba ya ganin yadda zai fito sai bayan an gasa. Kun ji inda gwaninta take.

Tanderun kuma da ƙasar suri ake gina shi, domin tana jure wuta ba ta tsagewa da wuri, a shimfiɗa tsofaffin ƙarafan mota a ciki su zama abin ɗora faya-fayen. Itace ake hurawa. Ba ma'aunin zafi, launin wutar da ƙyallin gilashin ne suke gaya wa mai aiki lokaci ya yi, yawanci rabin sa'a ko fiye kaɗan. A cikin wutar nan garin yake haɗewa ya zama dutse, karan rogon kuma ya ƙone ya bar huda. Idan an fitar sun huce, sai a zuba su a kan wani faffaɗan dutse a riƙa gurzawa da yashi da ruwa har su yi santsi, a shafa musu ɗan mai. Akwai kuma wani nau'in da ba a dakawa, gutsattsarin kwalba ake zubawa a ramin, su narke su ba da dutse mai ratsa haske, a huda shi da tsinken ƙarfe tun yana da zafi. Akwai na uku, wanda ake yi wa zane a baya da kwaɓaɓɓen garin gilashi mai launi a sake mayar da shi wuta.

Ga Krobo waɗannan duwatsu ba abin wasa ba ne. Da su ake yi wa 'yan mata ado a bikin Dipo, na shigar yarinya sahun manya, ana sa su a suna da aure da jana'iza, kuma ana gadon su daga uwa zuwa 'ya. Akwai manyan tsofaffin duwatsu da ake kira bodom, waɗanda sarakuna da manyan mata suke taƙama da su, alhali su ma garin gilashi ne. Daga cikin masu sana'ar da suka yi suna akwai Nomoda Ebenezer Djaba, wanda aka fi sani da Cedi, da ya gaji aikin a gidansu a Odumase, har yana zuwa ƙasashen waje yana koyar da shi. Kowace Alhamis ana cin kasuwar duwatsu a Koforidua, Laraba da Asabar kuma a Agomanya. Wanda ya shiga kasuwar Koforidua zai ji Hausa, domin 'yan kasuwa Hausawa sun daɗe da riƙe cinikin tsofaffin duwatsu a can. Masu tsara kayan ado na Akara da London da New York daga irin waɗannan kasuwanni suke saye, su haɗa da azurfa ko fata, su sayar da tsada.

A Muritaniya kuma mata ne gwanayen. A garin Kiffa da kewayensa sun yi wani irin dutse mai kusurwa uku da zane siriri ƙwarai, ja da shuɗi da rawaya da fari. Sukan niƙa gilashin ya yi laushi, su kwaɓa da ƙaro, wasu ma da yawu, su riƙa ɗora layi ɗaya bayan ɗaya da bakin allura, sannan su gasa a kan garwashi a cikin kasko ko gwangwanin kifi. Wani masani Bafaranshe, Raymond Mauny, ya rubuta labarinsu a 1949. Sana'ar ta kusa mutuwa da tsofaffin da suka iya ta, kuma ko da aka farfaɗo da ita daga baya, masu tara duwatsu sun fi neman na dā, saboda ƙanƙantar zanensu.

To, mu a Najeriya fa? Mu je Bida, babban birnin Nupe a jihar Neja, unguwar Masaga. Mutanen wannan unguwa gilashi ne gadonsu, kuma tarihin bakinsu ya ce daga Masar kakanninsu suka zo. Abin da ya bambanta su shi ne, a da ba tsohuwar kwalba kawai suke narkarwa ba, su da kansu suke dafa gilashi daga yashi da kanwa, wani baƙin gilashi da suke kira bikini. Masanin nan S. F. Nadel, wanda ya zauna a ƙasar Nupe ya kuma fitar da littafinsa a kanta a 1942, ya bayyana yadda ƙungiyar masu sana'ar take da shugabanta da dokokinta. Da kwalabe suka yawaita, sai aka koma narkar da su, don sun fi sauƙi. Har yanzu idan ka shiga rumfarsu za ka ga tanderun yumɓu a tsakiya, yaro yana zuga, maza sun kewaye wuta kowa da doguwar sandar ƙarfe, suna ɗebo narkakken gilashi suna naɗawa. Idan awarwaro ake so, sai a riƙa faɗaɗa zoben ana juya shi har ya kai girman hannu. Ƙarau ɗin da iyayenmu mata suka sa a hannu suna 'yan mata, wanda 'yan koli suke yawo da shi ƙauye-ƙauye, da yawansa daga irin wannan rumfa ya fito. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida a jerin biranen duniya masu fasahar sana'ar hannu.

Tarihin ma ya wuce nan nisa. A Ile-Ife, a wani wuri da ake kira Igbo Olokun, masanin tona tarihi Abidemi Babatunde Babalola ya haƙo duwatsun gilashi kusan 13,000, tare da fasassun tukwanen da aka narkar da gilashin a ciki, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Da aka auna sinadaransu sai aka ga haɗin nasu bai yi kama da na Turai ko na Gabas ta Tsakiya ba, wato a nan aka dafa shi da kayan ƙasar nan. Duk wanda ya ce maka baƙar fata bai san gilashi ba sai da Bature ya kawo, ka ba shi wannan labari.

Ga wani ɗan abin sha'awa da ya shafe mu kai tsaye. A kasuwannin masu tara duwatsu na duniya akwai waɗansu manya, rawaya da kore, da ake kira duwatsun Kano. Ba a Kano aka yi su ba. A birnin Al-Khalil na Falasɗinu aka yi su, suka bi ta Masar suka shiga Sudan. Wani jami'in Ingila, A. J. Arkell, ya rubuta a 1937 cewa matan Darfur suna sayar da su ga fatake Hausawa. Su kuma suka kawo su yamma, aka goge bakunansu don su jeru daidai a zare, sai sunan Kano ya bi su. Wato mun yi suna a fataucin dutse, har ana jingina mana wanda ba mu ƙera ba. Abin da nake fata shi ne mu yi suna a ƙera shi ma.

Kada wata ta ji wannan hira ta ce ana hana ta sayen gwal. A'a. Gwal ajiya ce ga mace, shi ne abin da take ɗagawa ranar rashin lafiya ko ranar kuɗin makaranta, kuma dutsen kwalba ba zai yi mata wannan ba. Duk wanda ya sayar miki da shi a kan cewa kadara ce, ya cuce ki. Abin da nake cewa shi ne a raba ajiya da ado. Nawa ne aure ya tsaya ko aka shiga bashi saboda sarƙar lefe? Nawa ne mata suka ƙi zuwa biki don ba su da abin da za su sa a wuya? Sannan gwal ɗin ma yana da nasa farashin da ba a gani a sikeli. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje don neman zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara.

Wannan ya kawo mu ga lafiya, domin abin da aka tsinto ma yana da nasa haɗarin. Masu sha'awar wannan sana'a, ku saurara da kyau. Kada ku taɓa daka gilashin tsohuwar talabijin ko tsohuwar kwamfuta mai ƙeya, akwai dalma mai yawa a ciki. Kada ku fasa dogon ƙwan lantarki fari, akwai sinadarin makuri a ciki, guba ne. Kwalbar maganin ƙwari ko ta maganin feshi, ku bar ta inda kuka gan ta. Kada a narkar da dalmar batir a yi zobe ko abin wuya da ita. Wajen daka gilashi a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a rufe hanci da baki, a sa tabarau, a yi a fili nesa da inda ake girki da inda yara suke wasa, kuma turmin da aka daka gilashi kada hatsi ya sake shiga cikinsa. Ƙona roba ko leda don a lanƙwasa ta, hayaƙin yana cutar da ƙirji. Maratayin 'yan kunne kuma a nemi na azurfa ko ƙarfen da ba ya tsatsa, domin ƙaiƙayi da ruwan da kunnen wasu mata yake yi, yawanci wani ƙarfe ne mai suna nikel da ke cikin na arha yake jawo shi. Iyaye, duk wani dutse ko ƙyalƙyali da jariri zai iya tsinkewa ya kai baki, kada a rataya masa.

Mai saye kuma, ga yadda za ki gane na hannu. Ki jera biyu ki duba, ba za su zama daidai wa daida ba. Na roba ba shi da nauyi kuma ba shi da sanyi a tafin hannu, sau da yawa za ki ga layin inda injin ya haɗe shi. Na garin kwalba yana da ɗan kaushi-kaushi a ido, ba ya ƙyalli sosai. Ki shafa bakin hudar da yatsa, idan yana da kaifi zai yanke zare, ki ajiye shi. Ki ɗaga shi a rana ki duba ko akwai tsaga. Idan kin sami mai kyau, ki tambayi mai shago daga ina yake, wa ya yi shi. Wannan tambayar tana da amfani, domin ɗan kasuwa idan ya ga ana neman na Bida da sunansa, zai je Bida ya saro.

Kirana na ƙarshe ga rukuni uku ne. 'Yan mata da matan aure masu sana'ar jera duwatsu a gida, kun riga kun iya haɗa launi, ku gwada sa na Bida da na Krobo a cikin aikinku, ku haɗa da fatar dukawanmu da azurfar maƙeranmu, kuma ku sa kuɗin aikinku a farashi ba tare da jin kunya ba. Shugabannin makarantun koyon sana'a da kwalejojin fasaha, ku gayyato masu aikin Masaga su koyar, ku biya su kamar yadda kuke biyan kowane malami, tun dattawan cikinsu suna da ƙarfin riƙe sanda. Masu haɗa lefe kuma, a cikin akwatin bana ku sa ko da sarƙa ɗaya ce ta aikin hannun mutanenmu.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.